Ranar da Wasiƙun Kofur Suka Iso

Tana cikin ɗaure bakin ledojin burodi, hannuwanta duk gari, matar da ke zama a kantar sayar da burodin ta leƙo ta ce mata wani soja yana nemanta a waje.

A gidan burodin kowa Matar Soja yake ce mata, har mai gidan ya manta sunan da ya ɗauke ta aiki da shi, kuma duk wadda mijinta ya ƙetare teku zuwa wancan yaƙin ta san abin da ke kawo mai kaki har wurin aikin mutum. Ta fita ko rigar aikin ba ta cire ba. A bakin titi ta tarar da wani gajeren soja zaune a kan babur yana lalube cikin jakar tamfol. Bai sauko ba, bai cire hula ba, cingam ma yake tauna. Ta kafa wa bakinsa ido, sai ta ji numfashinta yana dawowa, don mai kawo mugun labari ba ya zuwa yana taunar cingam.

Ya tambaye ta ko ita ce matar kofur wane, ya karanto lambarsa. Ta gyaɗa kai. Ya zaro wani ƙunshi da aka ɗaure da roba, kaurinsa ya kusa rabin burodi, ya ɗora mata a hannu.

"Duk naki ne," ya ce. "Hanya ce ta buɗe, buhunan suka iso lokaci guda. Na je gida, tsohuwa ta ce kina nan."

Kafin ya tayar da babur ya ƙara da cewa in tana da amsa ta hanzarta, don yau kafin la'asar za a ɗaure buhun da jirgin sama zai ɗauka, na gaba kuwa babu wanda ya san ranarsa.

Tun ranar da aka tafi da su aka karɓe wayoyinsu, wai abokan gaba suna bin sawun waya su jefo wuta. Dole mutanen da ba su taɓa manna kan sarki ba suka koyi rubuta wasiƙa. Guda ɗaya tak ta samu daga Kofur a makonnin farko, gajeriya, yana ba ta lambar da za ta riƙa rubutawa a bayan ambulan. Daga nan shiru, watanni. Ita kuwa duk mako sai ta rubuta, a kan teburin murza gari lokacin hutu, ta kai akwatin da ke ƙofar bariki ta jefa.

Yanzu ga rubutunsa nan, mai karkata kamar iska na tura shi, a kan ambulan bayan ambulan. Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar titi. Ta koma ciki ta rungume matar da ke zama a kantar, ta rungume mai shara, saura kaɗan ta rungume mai gidan da kansa, ya ja da baya yana kare tumbinsa da faranti. Ya ce ta tafi gida, yau ko ta tsaya gishiri za ta zuba a madadin sukari. Ya cusa mata burodi biyu masu zafi a leda, ya ce a gai da tsohuwa.

A cikin bas bakinta ya ƙi rufuwa. Ta gaishe da direba, ta gaishe da kwandasta, ta gaya wa wani dattijo mai riƙe da injin fanka a cinya cewa mijinta ya aiko da wasiƙa, ko da yake bai tambaye ta ba. Ya ce madalla. Ta ce ba ɗaya ba ce, ta nuna masa. Ya sake cewa madalla, ya gyara riƙon fankarsa. Ta ɗauki ambulan ɗaya ta shinshina, ta ji warin tamfol da man jirgi, ba ƙamshin kowa ba, amma ta sake shinshinawa. Da bas ɗin ta wuce tasharsu ba ta sani ba, sai da ta dawo da ƙafa, kuma ko a jikinta.

Surukarta, wadda ta dawo zama da su tun tafiyar ɗanta, ta riga ta shirya. Ta ɗaura sabon ɗankwali, ta zauna a tsakiyar doguwar kujera kamar mai jiran a ɗauke ta hoto, jikarta tana barci a gefenta da ɗan takalmi ɗaya a ƙafa. Maƙwabciyarsu ta ɗakin gaba tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, wai ta zo aron ashana.

"Zauna nan kusa da ni, 'yata," in ji tsohuwar. "Ki karanta a hankali, kada ki tsallake ko ɗigo."

Matar Soja ta tsinke robar, ta farke ta sama. Idonta ya sauka a kan layin farko, ta ji fuskarta ta ɗau zafi. Kofur mutum ne da a gida in ta yi kwalliya iyakar abin da zai ce shi ne rigar ta yi. Ashe nisa ya buɗe masa baki. Ya fara da idanunta, ya gangaro kan ɗan wushiryarta, ya ambaci yadda take tura shi da ƙafa in ya cika gado, daga nan ya shiga wasu wurare da ba a karanta wa uwar miji.

Ta yi gyaran murya. Ta ce yana gaishe da Mama da kyau da kyau, yana tambayar ƙafarta, yana gaishe da yarinya da maƙwabta. Ta juya takardar, ta ga baya ya fi gaba, ta ce yana sake gaishe da Mama.

Tsohuwar ta ce a ba ta ta gani. Ba ta iya karatu ba, amma ta san cikakkiyar takarda in ta gan ta. Ta juya gaba, ta juya baya, ta tambaya yadda aka yi wannan uban rubutu duka gaisuwa ce. Allah ya taimaki Matar Soja, akwai ramuka biyu a jikin takardar inda aka yanke da almakashi. Ta ɗaga ta wajen taga haske ya ɓullo ta ciki, ta bayyana cewa akwai hafsan da ke karanta kowace wasiƙa kafin ta fito, yana yanke sunan gari da duk abin da abokan gaba za su amfana da shi, shi ya sa maganar ba ta haɗuwa. Tsohuwar ta yi tsaki, ta ce ko wane ne wannan mai almakashi, uwarsa ba ta koya masa barin kayan mutane ba. Maƙwabciya ta miƙo wuya za ta leƙa, Matar Soja ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin cinyarta.

Ba a jere suke ba, haka ta riƙa ɗauka duk wadda hannu ya kai. Wata ta sha almakashi har ta zama kamar rariya, abin da ya rage kawai shi ne sun tashi daga wani wuri sun nufi wani wuri, kuma ruwan can yana sa ciki kuka. A wata kuma, bayan wani layi da ya sa ta rufe baki da hannu, Kofur ya rubuta: Ranka ya daɗe mai almakashi, wannan layin na matata ne, babu sirrin soja a ciki, don Allah ka bar shi. A gefen takardar, da jan biro da wani rubutu daban, an sa: Na bari. Nan kam ta kasa riƙe kanta, ta kife a kan hannun kujera tana dariya har da hawaye. Tsohuwar ta tambayi abin dariya, ta ce labarin wani akuya ne da ya shigo musu tanti.

Akwai kuma waɗanda ta karanta musu duka ba tare da ta canza komai ba. Ya ba da labarin yadda wasiƙa ke isa gare su. Ya ce motar da ke kawo ruwan sha ita ke kawo buhun, tun daga nesa in aka hango ƙurarta mutum ko aski ake masa zai tashi da rabin kai. Wani saje yakan hau kan akwatin harsashi ya riƙa kiran lamba, duk wanda aka kira ya amsa da ƙarfi kamar an ƙara masa girma, ya fizgi tasa ya ɓuya bayan buhunan yashi. Biro ɗaya ne a tantinsu, bi da bi ake yi, a kan gwiwa ake rubutu da guntun kwali a ƙasa, kuma ba a manna kan sarki, a kusurwa kawai ake rubuta cewa daga bakin daga take. Wanda ya samu da yawa yakan karanta wa sauran wuraren da za su karantu, har duk tantin sun san sunan kazar wani abokinsu da rigimar da take yi da maƙwabta.

Waɗanda ba a kira lambarsu ba, ya ce, sukan koma su zauna suna goge takalmi, kamar dama aikin da ke gabansu ke nan. A ƙasa ya ƙara da cewa a duk rundunar babu takalmin da ya kai nasa ƙyalli.

Ta karanta layin da murmushi, ta kai ƙarshe, sannan ma'anarsa ta same ta. Ta shiga farke sauran da sauri tana duba kwanan wata. Na baya-bayan sun fi gajarta. A ɗaya yana tambaya ko aikin burodin ne ya yi yawa. A wata ya ce ya san takarda ta yi tsada. Ta ƙarshe ko rabin shafi ba ta cika ba, babu ido babu wushirya, kuma mai almakashi bai samu abin yanka ba. Ya ce yana lafiya. Ya ce in hannunta ne ke ciwo, ta sa Mama ta dangwala yatsa a farar takarda a aiko masa, zai gane. Ya ce shi ba fushi yake ba, ya sake faɗa a tsakiya, ya kuma rufe da cewa kada ta ɗauka fushi yake.

Ko ɗaya daga cikin nata ba ta isa gare shi ba ke nan. Ya kamata ranta ya ɓaci, ya kuma ɓaci, amma wani abu mai daɗi ya riƙa tasowa ta ƙasan ɓacin ran, don a wannan guntuwar takardar ta fi ganinsa. Ga shi nan zaune a bakin gado ya juya mata baya, leɓen ƙasa ya turo, ana tambayarsa yana cewa ba komai. Mutumin da ke da ƙarfin yin irin wannan fushin lafiyarsa ƙalau. Ta manna takardar a ƙirji tana dariya, hanci na zuba.

Tsohuwar ba ta ga abin dariya ba. Ta miƙe tsaye, ta ce ɗanta yana can yana goge takalmi a gaban mutane kamar wanda ba shi da kowa a duniya, su kuma suna nan zaune. Ta ɗauki mayafi. Aka bar yarinya da burodi ɗaya a hannun maƙwabciya, wadda har lokacin ba ta karɓi ashanar ba.

Tun daga tashar bas tsohuwar ta fara shifta abin da za a rubuta. A gaya masa ƙafar ta yi sauƙi amma ba ta warke ba. A gaya masa rufin kicin yana yoyo. Yarinya ta fara tafiya, ta fasa kofin da ya fi so, kada ya ji a bakin wani. Ƙanwar babansa ta zo ta yi kwanaki ta tafi da tabarma. Abu mafi muhimmanci, shi dogo ne, in ana harbi ya riƙa sunkuyawa, kada ya tsaya yana leƙe kamar yadda ya saba. Matar Soja tana cewa to, to, babu biro babu takarda, ƙafarta tana buga ƙasan motar kamar hakan zai ƙara mata gudu. Wata mata a kujerar baya ta sa baki ta ce a ƙara da cewa ya riƙa sa safa mai kauri.

Ofishin wasiƙun bariki dogon ɗaki ne mai benci a jikin bango, fanka ɗaya tana juyawa a sama, buhunan tamfol jingine har kusa da taga, ga sikeli a kan kanta. Mata sun cika shi, kowa da ƙunshinta a cinya, wasu na karatu leɓe na motsi, wasu na kallon bango suna murmushi su kaɗai. A bayan kantar wata sajan ce, mace mai jiki, tabarau rataye a wuyanta da igiya, tana buga hatimi ba ta ɗago kai.

Da layi ya zo kansu, tsohuwar ce ta fara magana, ta ce ta zo jin inda aka kai wasiƙun ɗanta. Sajan ta nemi lambar da suke rubutawa. Da ta ji, ta ɗora tabarau a hanci, ta ce ai an daɗe da ɗauke bataliyarsu daga wancan sansanin, lambar buhunsu ta canza, duk abin da aka aika da tsohuwar lamba zuwa yake ya dawo. An kafa sanarwa. Ta nuna allon da ke bayan ƙofa, wanda ƙofar take rufe shi duk lokacin da aka buɗe ta, kuma kullum a buɗe take.

Ta shiga ciki ta jawo wani kwali da ƙafa. Ta sunkuya tana tonawa, sai ta tsaya, ta ɗago ta dubi farar rigar aikin da ke jikin Matar Soja.

"Ashe ke ce mai garin fulawa," ta ce. "Tururuwa ta hana mu sakat a ɗakin nan saboda ke."

Ta fito da su ta zube a kan kantar, kowane ambulan da tambarin yatsa na gari da man burodi a kusurwa. Matar Soja ta ga watanninta a tare wuri guda, ko ɗaya ba a buɗe ba. Kunya ta kama ta, ta fashe da dariya, matan da ke benci suka taya ta.

Sajan ta bayyana musu yadda abin yake. Jirgin sama ba ya ɗaukar nauyi, kowane soja takarda ɗaya ce rabonsa, wata shuɗiya marar kauri da ake ninkewa ta zama ambulan da kanta. Waɗannan tsofaffin kuwa za a iya gyara musu lamba su bi jirgin ruwa, su isa ranar da suka isa. Ta miƙo shuɗiyar da biro mai igiya, ta ce a yi sauri, direba ya riga ya juyo da mota.

Matar Soja ta dubi takardar, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ta dubi surukarta, da rufin kicin da tabarma da ƙanwar baba. Ta ɗora biro ta ce Mama ta fara.

Tsohuwar ta dubi takardar.

"Ki rubuta uwarsa tana lafiya, kuma ya riƙa sunkuyawa. Sauran wurin naki ne." Ta gyara mayafi. "Ki mayar masa da irin gaisuwar nan da ya cika takarda da ita. Ni ma na yi aure, 'yata. Akuya ba ya sa mace irin wannan dariyar."

Ta tafi can ƙarshen benci ta zauna, ta ba su baya, ta shiga tambayar wata yarinya inda ta sayi jakarta.

Matar Soja ta tsaya a gefen kantar, kunnuwanta kamar an sa musu wuta. Ta rubuta saƙon tsohuwar a sama. Ta rubuta cewa duk mako ta rubuta masa, lamba ce ta canza, suna nan tafe ta ruwa, ya ajiye burushin takalmin nan. Ta ce yarinya tana tafiya, irin tafiyarsa. Daga nan biron ya tsaya, don ta tuna akwai wani baƙon namiji mai jan biro da zai karanta kafin mijinta. Ta ciji leɓe. Sai ta ce a ranta ai mutumin ya ga abin da ya fi wannan, kuma ya nuna yana da kirki. Ta sunkuya ta kare takardar da hannun hagu, ta yi ta rubutu ƙanana-ƙanana har gefe da gefe, har inda aka ce kada a yi rubutu. Sajan ta karɓa ta lashi bakin ta manne, ta buga hatimi, ta jefa a buhu. Wani soja ya ja igiya ya ɗaure, ya saɓa a kafaɗa ya fita da shi.

Saura tsofaffin. Sajan ta ba ta biro ta ce ta soke tsohuwar lamba ta sa sabuwa a kan duk wadda take so ta tafi. Ta fara da na farko-farko, masu kauri, hannunta na gudu. Da ta iso na ƙasa sai ta rage sauri. Waɗannan ba su da kauri, kuma ta san abin da ke ciki. Ita ma ta yi nata. A ɗaya ta tambaye shi ko matan can ne suka iya girki. A wata ta ce in bai da lokacin rubutu, ita ma tana da abin yi. Akwai wadda ta rubuta ranar da yarinya ta kwana da zazzaɓi, inda ta ce in ya dawo kada ya yi mamaki in ya tarar ta koma gidan iyayenta, ta kuma ja layi biyu a ƙarƙashin maganar.

Ta ware su gefe, ta ɗora hannu a kai. Babu wanda ya san da su, aljihun rigarta kuma a buɗe yake. Sajan ta dube ta ta saman tabarau, ta ce yawancin mata suna cire irin waɗannan, akwai kwandon shara a ƙarƙashin kantar.

Matar Soja ta tuno mijinta. Ta hango shi bayan buhunan yashi, an kira lambarsa har sajen ya gaji da kira, ya buɗe wannan ya ga an yi fushi da shi sosai, fushin wadda ta zauna tana jira. Ta san yadda zai yi, zai karanta ya ɓata fuska, ya sake karantawa, sannan haƙoransa su fito. Ta jawo su ta soke lamba ta sa sabuwa, har da mai layi biyun, ta tura wa sajan duka.

Ta roƙa a ɗaure su a jere, yadda zai fara daga farko. Sajan ta ce za ta ɗaure, amma kada ta sa rai, kafin su sauka daga jirgi su hau motar ruwa roba ta tsinke, kowace ta kama gabanta.

Tsohuwar ta taso tana jan ƙafa, ta tambayi abin da ke cikin siraran da ya sa aka daɗe a kansu. Matar Soja ta ce faɗa ne, Mama.

"To," in ji tsohuwar, ta kama hannunta suka nufi ƙofa. "Allah ya sa ya fara da shi. Ya daɗe bai samu mai yi masa ba."